Kwamfutar da Ke Suma Bayan Azahar

Babur ɗina na sayar, da firij biyu sababbi da ban ko cire musu leda ba, da duk fankokin da na ajiye don bazara. Wannan duka ya shige cikin kwali guda, wanda na ɗauko daga Legas a kan cinyata, don ban yarda a ɗaura shi a saman mota ba. A cikin kwalin akwai kayan kwamfuta ɗaya a warwatse, kowane a ledarsa. Abin da nake nema da su kanti ne: ɗaki mai ƙofar ƙarfe a bakin hanyar tasha a Tawa, da sito a bayansa.

A ƙarshen shekarun casa'in ne. Ina sayar da rediyo da kaset da fanka a wata rumfar kwano cikin kasuwa, kuma mai rumfar ya faɗa mini in tashi kafin ruwan farko, ɗansa ya dawo daga Abijan zai zauna. Kantin bakin hanya kuwa na wani malamin makaranta ne, mutumin Dogon Dutse da aiki ya kawo Tawa tun yana saurayi. Kowa Mushe yake ce masa, yadda ake kiran malamin boko da Faransanci. Ya gina shi lokacin da albashi ke zuwa a kan kari. Yanzu wata da watanni ba a biya malamai ba, yau yajin aiki gobe taro, har ya gaji. So yake ya buɗe wurin buga takardu: wasiƙar neman aiki, katin biki, sanarwar jam'iyyu, don a lokacin kowace unguwa da tata jam'iyyar kuma kowace na son ganin sunanta a takarda. Ba shi da kuɗi, yana da gini. Ni ba ni da gini, ina da hanyar kaya. Sai muka yi musaya.

A gaban wani Alhaji mai sayar da siminti, maƙwabcin kantin, muka ƙulla magana. Zan kawo kwamfuta, wato ordinata a bakin Mushe, mai gudun ɗari biyu, wadda ita ce ake yayi a Yamai. Mushe zai yini yana aiki da ita, in bai ga aibi ba ya miƙo makulli. Shi Ba'are ne, ni Ba'adare, akwai wasa tsakaninmu, saboda haka ko a wurin bai bar ni ba.

"Alhaji, ka shaida," in ji shi. "In bawan nan nawa ya kawo mini akwatin albasa ya ce ordinata ce, da kai zan yi."

Na ce masa Ba'are da bai taɓa riƙe abin da ya fi alli tsada ba, ya bari ya gani tukuna.

Haɗa kwamfuta ba a makaranta na koya ba. Ina da wani aboki Bazabarme mai gyaransu a Yamai, na zauna a shagonsa ina kallo ina tambaya har ya fara gundura da ni. Ban ga wani abin tsoro ba. Akwai babban allo kore da suke kira kat-mer, komai a kansa yake hawa. Akwai furosesa, wato ƙwaƙwalwar injin, ɗan falle mai ƙafafu da yawa. Akwai baret na ajiyar aiki, akwai faifan da ake zuba komai. Kowane da raminsa, kuma ba ya shiga ramin wani. Littafin allon da Ingilishi aka rubuta shi, ba na ji, amma akwai zane, kuma zane bai taɓa gagarata ba.

A zauren gidana na haɗa ta, a kan teburin guga. Na danna, ta yi ƙara ɗaya, gilashinta mai kama da na telbijin ya kawo rubutu, ga lamba ɗari biyu a sama ɓaro-ɓaro. Na fita tsakar gida na dawo ba tare da na san abin da na je yi ba.

Murnar ba ta daɗe ba. In na kashe na sake kunnawa, wani lokaci ta tashi, wani lokaci ta tsaya a baƙin gilashi tana kallona. Faifan da na saya babba ne, amma ita rabinsa kawai take gani. Na zare waya na mayar, na sauya rami, na hura, na sake. Da abin ya ƙi, na tafi gidan waya na kira abokina. Layin Yamai a lokacin sai ka yi ihu, duk masu jiran layi suna jin sirrinka.

Ya ce biyos ne. Na ce mene ne kuma biyos. Ya ce ɗan karatun da aka zuba a cikin allon tun daga masana'anta, shi ke tayar da injin kafin komai ya farka. Nawa tsoho ne, an rubuta shi kafin a fara yin manyan faifai, shi ya sa yake ruɗewa. Zai aiko mini da sabo a disket, ɗan faifan da ake sakawa a cire, in zuba a kan tsohon.

"Amma ka saurare ni da kyau," in ji shi. "In wuta ta ɗauke kana cikin zubawa, allon ya mutu. Ba gyara. Ka rataye shi a bango ka riƙa tunawa da ni."

Disket ɗin ta hannun direban motar Yamai ya zo. Na yi ta zarya tasha har masu lodi suka fara tambayata ko amarya nake jira. Da ya iso, sai tsoron wuta ya kama ni. A layinmu akwai mai walda da mai injin niƙa, kuma duk wanda ya tayar da nasa, ƙwan zaurena sai ya yi ja kamar zai mutu. Na bi su ɗaya-ɗaya. Mai niƙa ya yarda ba gardama, ya ce dama bel ɗinsa na son hutu. Mai walda kuwa ya ɗaga baƙin gilashinsa ya dube ni.

"In bar aikina don telbijin ɗinka ta yi karatu?"

"Na ɗan lokaci ne, maigida. Kafin ka sha shayi an gama."

"To ina shayin?"

Na saya masa shayi da burodi. Na koma da gudu, na sa disket, na bi abin da abokina ya karanta mini a waya. Wani farin layi ya fara tafiya a gilashin a hankali. Ban zauna ba. Idona ɗaya a kan layin, ɗaya a kan ƙwan wuta. Akuyar maƙwabta ta leƙo zauren, na kore ta da ƙafa ba tare da na juya ba. Layin ya kai ƙarshe, injin ya mutu ya tashi da kansa, ya ga faifan duka. Na kashe na kunna, na kashe na kunna, bai ƙara tsayawa ba.

Kowane ɗan kasuwa da safe yake gwada kayansa. Haka muka tashi muka gani: ka buɗe rumfa, ka share, ka kunna abin da za ka sayar ka ji lafiyarsa, sannan ka fuskanci jama'a. Ni ma da safe na yi ta gwada ta, tana aiki kamar agogo. Da rana ina kasuwa, ita tana zaure a kashe. Na aika wa Mushe ya zo ya gani.

Bai samu zuwa ba sai bayan azahar. Ya zauna, ya gyara tabarau, ya fara buga wata wasiƙa da yatsu biyu. Ya yi layi huɗu ko biyar, sai komai ya daskare. Ya danna, shiru. Ya ja ɗan abin nan da ake kira ɓera, kibiyar ba ta motsa ba.

"Mi ya same ta?"

"Ba komai. Ka danna wani abu ne."

"Ni na danna? To, tada ta."

Na tayar, ya sake farawa, ta sake tsayawa, wannan karon gilashin ya koma shuɗi da rubutun da ba wanda ya gane a cikinmu. Mushe ya cire tabarau ya goge da bakin riga.

"Wagga ordinata ma'aikaciyar gwamnati ce," in ji shi. "Ta ji ba a biya, ta shiga yajin aiki. Ka gaishe ta. In ta janye ka aiko."

Ya fita yana dariya. Ni ban yi ba, don da safen nan na ga ɗan mai rumfa yana auna faɗin rumfata da taku.

Daga ranar ban ƙara zama wuri ɗaya ba. In ina kasuwa hankalina na zaure, in ina zaure ina tunanin cinikin da ke wuce ni a kasuwa. Na fara zargin sabon biyos ɗin, na koma gidan waya, abokina ya rantse shi ne daidai da allona. Na zare baret biyun na goge ƙafafunsu da abin goge fensir, na gwada da guda, na gwada da ɗayan. Ta tsaya. Na share faifan kaf na sake zuba komai daga farko, aikin da ke cin yini. Ta tsaya. Na ce wuta ce, na hau mota zuwa Ƙwanni na sayo na'urar daidaita wuta. Ta tsaya. Wani mai gyaran firij ya ce ƙasarmu ta bushe da yawa, wuta ba ta samun inda za ta sauka, na haƙa rami a bakin zaure na kafa rodi, na zuba gawayi da gishiri, na riƙa ba shi ruwa kamar dashen mangwaro. Akwatin ya daina jan hannu in an taɓa, wannan kam na samu. Amma ta tsaya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne rashin ƙa'ida. Rediyo in ta lalace, ta lalace, ka buɗe ka ga abin da ya ƙone. Wannan kuwa yau ta yi tafiya mai nisa, gobe ko sallama ba ta gama ba ta faɗi. Na fara yi mata magana. Matata ta kawo tuwo zaure ta tarar da na jiya ban taɓa ba.

"Maigida, in ita za ta ci ka faɗa mini in ƙara hatsi."

Na ce ta bar ni. Ta ce ai ta bar ni tun da kwalin nan ya shigo gidan.

Hadari ya fara leƙowa ta gabas da yamma, yana watsewa. Mutanen Kalfu da Barmu da ke zuwa cin kasuwa ba su da zance sai na gyaran gona. Mai rumfa ya daina amsa gaisuwata da kyau.

Wata Juma'a ban fita kasuwa ba, na zauna da ita tun safe. Ta yi aiki lafiya har aka tafi masallaci. Na dawo, zauren ya zama tanda, kwanon rufi har ƙara yake don zafi, na taɓa ta kenan ta daskare. Na miƙa hannu ga jarkar ruwana da ke rataye a ƙofa, wadda aka ɗinke da buhun algarara ana jiƙa shi don ruwan ya yi sanyi. Ina cikin sha sai na tsaya. Duk faɗuwar da ta yi, ban tuna ko ɗaya da ta faru da safe ba.

Na samo tsohon buhu, na jiƙa, na matse shi sosai, na cire murfin gefen akwatin, na rataye buhun a kan kujera dab da shi, wani ɓangaren kuma a bayan ƙarfen akwatin. Na ari fankar ɗakin matata na sa tana hura iska ta cikin buhun zuwa allon. Na tayar. Ta yi aiki. Buhu ya bushe na sake jiƙawa, ta ci gaba. Aka yi la'asar tana nan. Na janye buhun da fankar don in tabbatar, ba a jima ba ta suma.

Na tafi gidan waya kusan da gudu. Da na faɗa wa abokina, sai da na janye kan wayar daga kunnena.

"Ruwa? Ruwa kusa da kat-mer? Kai Ba'adare, tulu ka ɗauke ta?"

"Tulu ko ba tulu ba, ta kai la'asar."

Ya ce in zafi ne, to akwai magana. Furosesa mai ɗari biyu da fankarta a kai bai kamata zafin Tawa ya kayar da ita haka ba. Ya tambaye ni wurin wa na saya. Na ce wurin wanda ya fi kowa sauƙi a layin. Ya ce in cire ƙaramar fankar, in goge farin man da ke kai, in dubi fuskar furosesar da kyau a rana.

Na fito da ita tsakar gida. Da ido ba ka ganin komai, ga suna ga lamba. Sai na yi abin da nake yi wa kowace rediyo kafin in saya: na lashi babban yatsa na murza. Fuskar ba ta da santsin da gefen ke da shi. Na karkata ta ga haske, sai ga siraran layuka duk sun bi hanya ɗaya, irin na abin da aka goga a kan takardar yashi. Na ɗiga fetur a tsumma na shafa, wutsiyar lambar ta fara narkewa. An kankare lambar gaskiya ne aka buga ɗari biyu a kai. Ƙaramar ƙwaƙwalwa ce nake tilasta wa gudun babba, tana jurewa da sanyin safe, rana na yi ta faɗi.

Na san wannan aikin. Ana yi wa batir, ana yi wa rediyo, a ɗauko ta banza a manna mata suna mai tsada. A Legas na murza akwatin, na murza faifan, na ƙwanƙwasa gilashin. Furosesar kaɗai ce ban taɓa ba, don an miƙo mini ita cikin soso kamar ƙwai, an ce hannu ma na iya kashe ta.

A kan allon akwai wasu 'yan huluna baƙaƙe ƙanana da ake matsarwa don a faɗa masa gudun da zai ba ƙwaƙwalwar. Na bi zanen littafin, na matsar da su da hantsaki, na sauko da gudun mataki ɗaya. Gilashin ya nuna ɗari da sittin da shida. Na mayar da murfi, ba buhu ba fanka, na rufe ƙofar zauren don zafin ya taru. Ta yini. Washegari ma ta yini. Na sa ta aiki mai nauyi da tsakar rana, ko gezau.

To, ga inji lafiyayye, amma ba shi aka yi ciniki a kai ba. Ɗari biyu aka ce a gaban Alhaji, kuma lambar tana fitowa a gilashi duk lokacin da aka kunna, Mushe kuwa lissafi yake koyarwa. Komawa Legas ba ta taso ba, ba kuɗin mota, ba lokaci, kuma wanda ya sayar mini ba zai san fuskata ba. Na yi tunanin mayar da hulunan inda suke, in jira ranar da aka kwana da hadari gari ya yi sanyi, in kai masa. Da na yi haka, da ta wuce gwajin yini ɗaya. Amma ni a bakin hanyar nan zan zauna shekara da shekaru, kuma bazara na dawowa kowace shekara. Mutumin da ka sayar wa rediyo ya tafi Takanamat daban, wanda zai riƙa wucewa ta ƙofarka kullum daban.

Na ɗora ta a amalanke na kai kantin, na kira Alhaji. Na kunna, na nuna musu lambar da yatsa tun kafin Mushe ya gani, na faɗi yadda aka yi. Mushe ya ce a bar maganar tukuna. Ya zauna ya buga takardu tun hantsi, ya tashi sallah ya dawo, ya ci gaba har rana ta yi sanyi. Ni ina waje ina kai da kawo, in leƙa in koma. Daga ƙarshe ya kashe ta da kansa.

"Ta yi," in ji shi. "Ni yatsuna ko gudun goma ba su kai ba, ɗari da sittin ta ishe ni har in mutu."

Na fara miƙa hannu in karɓi makulli.

"Tsaya, bawana. Ta ishe ni daban, abin da muka yi ciniki daban. Alhaji, ɗari biyu ka ji ko ɗari da sittin?"

"Ɗari biyu na ji," in ji Alhaji.

"To, wanda ya kawo buhu ba cike ba, cikakken kuɗi ake ba shi?"

Na ce buhun da ba ya zuba ya fi cikakken da ke yoyo, kuma da na yi shiru da bai sani ba sai baɗi. Ya ce shi ya sa bai fasa cinikin ba, amma ladan gaskiya wurin Allah ake karɓa, ba wurin malamin da ba a biya ba. Na ce zan ƙara masa na'urar daidaita wutar da na sayo a Ƙwanni. Ya ce wannan dama tata ce, ba a sayar da doki a riƙe linzami. Muka yi ta ja, murya ta fara tashi, masu wucewa suka fara rage tafiya. Alhaji ya bar mu muka gaji, sannan ya yanke: ni in ɗauki ɗakin gaba, Mushe ya riƙe siton, ya fasa masa ƙofa ta lungu ya yi wurin buga takardunsa a ciki. Na so in ƙi. Na dubi gabas, na ga yadda sama ta haɗe, na ba da hannu.

Na kwashe kayana daga rumfa ana yayyafi. Ga abin da ya fito a ƙarshe. Na samu ɗakin gaba da ƙofarsa ta ƙarfe, kuma a bakin hanyar nan ciniki ya ninka na cikin kasuwa. Na rasa siton, wanda shi ne kusan rabin ginin, saboda haka manyan kaya a gida suka ci gaba da kwana, ina biyan amalanke safe da yamma. Babur kuwa sai da damina biyu ta wuce kafin na sake hawa nawa. In aka haɗa duka, na ci riba, amma ba wadda na fita nema ba.